Ɓarawon da Na Gyara wa Manu

Gusau,
Lahadi, 12 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Jibril,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a can Malesiya. Allah Ya buɗa maka karatu, Ya sa ka gama abin da ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan gida lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa gidan Baffa Lukuman da kanta, ko da yake in ta dawo sai matata Hafsatu ta gasa mata gwiwa da ruwan zafi. Ƙanwata Muzdalifa ta samu koyarwar nan a Tsafe, tana tafiya Litinin ta dawo Juma'a, kuma duk ranar da take kan hanya Inna ba ta sa komai a baki sai ta ji ta sauka. 'Yata Hadiza ta fara haɗa magana, tana nuna hotonka tana cewa Baba Jibo. An gama yankan gero a gonar bakin gari, dawa ma ta yi kyau. Gonar can ciki kuwa bana ma ba mu taka ta ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa da rubutun hannu, alhali kusan kullum muna gaisawa ta waya. Sau uku ina ɗaukar wayar da niyyar in gaya maka abin da zan rubuta yanzu, sau uku ina ƙarewa da tambayarka ko ana ruwa a can. Shi ya sa na ba Malam Zaharaddeen, abokin karatunka da ya zo hutu, ya kawo maka hannu da hannu. Mako biyar ke nan kana kiran Inna ba ta ɗauka, kana tambayata ina ce maka matsalar layi ce, ko ta kwanta. Ƙarya nake yi maka. Fushi ta yi da kai, kuma a kan laifin da ba naka ba. Sannan ranar Alhamis da ta wuce Manu ɗan Kawu Hamidu ya bar Zamfara, shi da mahaifiyarsa, ba kuma da niyyar dawowa ba. Abubuwan nan biyu magana ɗaya ce, ni ne kuma sanadinsu. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Ka tuna hutun da ka zo da wasan nan naka, shekara uku da suka wuce. Littafi mai kauri, da 'yan ludo iri-iri a jakar tsumma, har da mai fuska ashirin ɗin nan da Inna ta ce bai yi kama da abin kirki ba. Kai kake jan labari, mu kuma kowa ya ɗauki gwarzo guda ya rubuta halayensa a takarda, in gwarzon zai yi wani abu mai wuya a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Hafsatu ta ɗauki mai takobi, har yau ina jin tsoron abin da hakan ke nufi game da aurena. Muzdalifa ta ɗauki mai magani, ni na ɗauki maharbi. Da ka ce saura ɓarawo, mai laɓewa da buɗe kwaɗo, ban bari ka rufe baki ba na ce ai ga shi nan zaune, a miƙa wa Manu, gadon gidansu ne. Kowa ya yi dariya, shi ya fi kowa. Ya ce a ƙyale bawansa ya yi ta haushi, bawa dai bawa ne ko ya sa takalmin gwamnati. Haka muke tun muna yara, shi ɗan namiji mu 'ya'yan mace, shi ya ce mini bawana, ni in ce masa ɓarawon shanu, kuma duk wanda ya fi zafin baki ranar shi ya ci. Ba wanda ya taɓa shiga tsakaninmu, don wasan taubasai ba a raba shi.

Amma lokacin shanun Kawu suna nan a dajin Bungudu. Bayan tafiyarka da wata bakwai aka kore su kaf, Kawu kuma bai ƙara shekara a duniya ba. Manu ya kai mahaifiyarsa Goggo Amina Kekun Waje wajen 'yan'uwa, shi ya dawo gidanmu, ya samu aiki a wani shagon maganin dabbobi a Sabon Gari, duk mako biyu ya je ya dubo ta. Duk wannan ka sani. Abin da ba ka gani ba shi ne yadda gari ya sauya masa. In ya shiga mota mutane su matsa don sun ga Bafulatani, in ya tsaya sayen abu a kasuwa a bi shi da ido. Kalmar da nake jifansa da ita tun muna wasan ƙasa ta zama kalmar da ake rasa rai a kanta, amma ni bakina bai sauya ba. Ina ganin ai hakkina ne, na gada.

Bayan ka tafi ni na karɓi jan labarin. Duk Asabar bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, mu yi har a kira magariba. A nan ne ɓarawon Manu ya fara tsaya mini a wuya. Ka san doka: ana ba kowa maki ya raba tsakanin ƙarfi, da zafin nama, da juriya, da kaifin kai, da lura, da iya baki. Duk mai hankali ya san ɓarawo zafin nama ne jarinsa. Da shi yake laɓewa, da shi yake kauce wa sara, da shi yake suka. Manu ya kwashe makinsa ya zuba a iya baki da lura, ya bar zafin naman a tsakatsaki kamar na mai sayar da goro. Gwaninta biyun da ake ninka wa ɓarawo, maimakon laɓewa da buɗe kwaɗo, sai ya zaɓi lallashi da sanin dabbobi. Makami kuwa ya ƙi wuƙa, ya ba shi gora irin ta kiwo, ya sa masa suna Buba Mai Gora. Ka kuwa san sukar bazata, wadda ita ce duk amfanin ɓarawo a fagen faɗa, ba ta yiwuwa sai da wuƙa ko kibiya. Wato ya ɗauki gwarzon da aka yi don ya zubar da maƙiyi a bugu ɗaya, ya mai da shi mai ba da haƙuri.

Na yi masa bayani ya fi sau goma, har da fensir da jadawali. Na nuna masa cewa Buba yana cire wa maƙiyi maki biyar a zagaye, alhali da an gina shi daidai zai cire kusan ashirin. Sai ya saurare ni har in gama, ya ce shi Bubansa ya tuba, bai sata ko cikin wasa, kuma bai sukar mutum ta baya. Na ce to me ya sa ba ka ɗauki limami ba? Ya ce ai ba shi ya zaɓa ba, wani bawa ne ya zaɓa masa. Hafsatu da Muzdalifa su yi ta dariya, ni kuwa raina ya yi ta ɓaci da gaske, don ka san halina, in na ga abu a karkace ba na iya barci sai na miƙe shi, ko ba nawa ba ne.

Akwai wata Asabar da ya kamata ta buɗe mini ido. A labarin, mahara sun kore garken wani tsoho, na shirya faɗa mai kyau a bakin kwazazzabo, na zana taswira har da duwatsun laɓewa. Manu ya ce Buba ba zai laɓe ba, zai ajiye gorarsa ya tafi wurinsu da rana tsaka ya roƙe su. Na ce masa sai ɗan ludo ya ba shi goma sha tara ko ashirin, in ba haka ba sun kashe shi. Ya jefa, ashirin ta fito. Dole na ce maharan sun saki shanun. Sai ya fara kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, da sunayen na Kawu, yana faɗin wadda ke gaba da wadda ke tsayawa jiran ɗan maraƙinta. Muzdalifa ta sunkuyar da kai. Da ya gama ya tashi ya tafi wajen randa ya daɗe yana wanke fuska. Ni abin da na ce da ya dawo shi ne sa'a ce kawai, sau ɗaya cikin ashirin take zuwa, ba a gina gwarzo a kan sa'a. Wallahi haka na ce, Jibril.

A watan Agusta suka kai mataki na biyar, suka iso babban faɗan ƙarshe da na daɗe ina shiryawa, na wani azzalumin sarki da ya kulle hatsin talakawa a garinsa. Sau biyu suna shiga, sau biyu ana fatattakarsu, kuma laifin Buba ne ƙarara, don ba ya iya tsallake ganuwa ba a gan shi ba, ba ya iya buɗe ƙofar rumbu. Mai jan labari ba ya taɓa takardar ɗan wasa, kai ka koya mini wannan. Amma na zauna a ofis kwana uku a lokacin hutun azahar, na sake gina ɓarawon daga tushe. Na kwashe iya baki na mayar zafin nama har ya kai ƙololuwa. Na ninka laɓewa da buɗe kwaɗo. Na jefar da gorar, na ba shi wuƙa biyu, ɗaya a kowane hannu, don in ta farko ta kuskure ta biyu ta samu sukar bazata. Na ƙara masa guba a bakin wuƙa, da igiya mai ƙugiya, da baƙaƙen kaya. Har na rubuta masa yadda zai yi: ya shiga kafin kowa, ya kawar da mai gadin ƙofar gabas ta baya, ya buɗe wa 'yan'uwansa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin aikin. Ban taɓa gina gwarzon da ya kai wannan kyau ba.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na buga shi da kwamfutar ofis, tsaf, da Hausa, don kada ya ce bai gane rubutuna ba. A wurin suna kuma ban sa Buba ba. Don in tsokane shi na rubuta Manu Hamidu, sana'a ɓarawo, mataki na biyar. A bayan takardar na zana masa taswirar garin sarkin. Ka san aikina a ofishin safiyo, hannuna ba ya iya zana garin ƙarya, sai ya ɗauko wanda ya sani. Duk garuruwan wasanmu haka nake yi, in ɗauki wani ƙauye da na taɓa aunawa in sauya masa suna. Wannan karon na ɗauki wani ƙauye da ke kan hanyar Bungudu, ba zan rubuta sunansa ba, da masallacinsa da rijiyarsa da tsamiyar bakin hanya, na sa alamar ja a inda masu gadi suke da inda ake ɗaure dabbobi. Ranar Juma'a da safe na miƙa masa yana ɗaura takalmi zai tafi duba Goggo. Na ce ga ɓarawo na gaskiya, ya haddace kafin ya dawo. Ka san karatun boko a hankali yake yinsa, bai ko duba ba, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya ce zai nannaɗe wa Goggo ƙuli-ƙuli da ita.

Ƙauyen nan da na zana, ashe kwana goma kafin nan an shigar musu, an kashe mutum huɗu. Ni ban sani ba, ko in ce na ji a bakin mutane ban riƙe sunan ba, don yanzu irin labarin nan ya yi yawa har kunne ya daina tsayawa a kansa. Samarinsu sun sa shinge a hanya suna duba motoci. Cikin mutum tara da ke motar Manu kaɗai suka sauke, ka san dalili. Suka laluba aljihunsa, ɗaya daga cikinsu ya karanta takardar da ƙarfi, ya juya baya suka ga garinsu, har da tsamiyar da suke tsaye ƙarƙashinta. Direban ya ce ya yi ƙoƙarin magana aka ce ya ja motarsa in yana son kansa. Allah Ya saka masa, ya san shagon da Manu ke aiki, amma sai washegari da yamma ya dawo Gusau ya kai labari. Kafin maganar ta iso gidanmu mu kama hanya, Manu ya kwana biyu a hannunsu.

Ranar Lahadi da sassafe muka tafi ni da Baffa Lukuman, wanda ya taɓa aiki da mai garin lokacin yana ƙaramar hukuma. Na ɗauki littafin, da jakar 'yan ludo, da takardun Hafsatu da Muzdalifa. Aka zaunar da mu a zaure, dattawa sun cika shi, samari sun toshe ƙofa. Jibril, ka taɓa ƙoƙarin bayyana wasan nan ga mutanen da suka binne 'ya'yansu makon jiya? Na zazzage 'yan ludo a kan tabarmar mai gari, ina cewa wannan mai takobi ce, matata ce, wannan mai magani ce, ƙanwata ce, duk ƙarya ce muke shiryawa don nishaɗi. Ina jin muryata ina jin kunyarta. Wani tsoho da aka ce ɗansa na cikin waɗanda aka kashe ya ɗauki mai fuska ashirin ya jujjuya shi, ya tambaye ni cikin sanyin murya ko abin da ke cin ɗiyansu shi muka mai da abin wasa cikin birni. Har yau ban iya jin haushin mutanen nan yadda nake so in ji ba.

Sai mai gari ya ɗaga takardar ya tambaya wa ya rubuta ta, wa ya zana garinsu. Ya ce yaron nan kwana biyu ana tambayarsa, ya kafe cewa shi ya kai aka buga masa a kasuwa, shi ya yi zanen, ba shi da abokin shawara, alhali da aka ba shi fensir ko rijiyar bai iya zanawa ba. Ka ji. Ana dukansa yana ɓoye sunana, don yana tsoron kada a biyo ni har gida. Ni kuma ga ni zaune da babbar riga kusa da Baffa, ba wanda ya ɗaga mini yatsa, na duba samarin da ke bakin ƙofa, na buɗe baki na ce kayan wasan duka na ƙanenmu ne da ke karatu a ƙasar waje, shi ya bar su, takardun ma tare suka zo. Na zaɓe ka ne don ka yi nisa, hannu ba ya kai wa gare ka. Baffa ya gyaɗa kai ya ce yaran zamani ke nan. Da wannan, da darajar Baffa, aka saki Manu. Da wannan kuma Baffa ya dawo ya gaya wa Inna, ita kuma ta ce ɗan da ya aiko wa ɗan ƙanenta wannan masifa ba ta da abin ce masa.

Da aka fito da Manu ban gane tafiyarsa ba. Ba zan kwatanta maka komai ba, ya isa ka san cewa kunnensa na hagu ya daina ji, yatsu biyu na hannun dama kuma sun ɗoru a karkace, likita ya ce haka za su zauna. Yana tsaye a ƙofar zauren lokacin da na ambaci sunanka, na tabbata ya ji da kunnen da ya rage. A mota ya zauna kusa da ni, yana kallon taga har Gusau. Mako biyu yana jinya a ɗakinka, Inna tana ba shi abinci da hannunta. Kullum ina shiga in zauna, ina jiran ranar da zai ɗago ya zage ni. Na shirya masa hanya ma, wata rana na ce masa ɓarayin yanzu ba su da ƙwari, kwana biyu kawai sun kwanta. Da can da kafin in rufe baki ya mayar mini da uku. Sai ya dube ni ya ce haka ne, Malam Kabiru, ya gode da dubiya. Tun da aka haife ni bai taɓa kirana Malam ba. Na fita na tsaya a bayan ɗaki kamar wanda aka kora.

Da ya ji sauƙi ya koma Kekun Waje, bai koma shago ba. Mako biyu da suka wuce Goggo Amina ta aiko cewa za su tafi Taraba wajen danginta, ta ce ta ba ƙasar nan miji da shanu, ba za ta ba ta ɗa ba. Hafsatu, wadda ta san takardar tawa ce don ta gan ni da ita, ba ta tona ni ba, amma ta ce mini in na bar shi ya tafi da wannan a cikinsa, ita ba ta san da wane ido za ta riƙa dubana ba. Ranar Laraba, jajibirin tafiyarsu, na ɗauki Inna muka je sallama. Sun ɗaure kaya, ba su da yawa. Bayan an gaisa, a gaban Inna da Goggo da shi, na faɗi komai: makin da na kwashe, sunan da na sa, garin da na zana, da ƙaryar da na yi a zauren mai gari. Inna ta rufe baki da mayafi. Goggo ta tashi ta shiga ɗaki ba ta ƙara fitowa ba sai da za mu tafi.

Ni abin da na je nema, in gaya maka gaskiya, ba gafara ba ce. So nake ya tashi ya shaƙe ni, ko ya ce bawan banza, bawan da ya sayar da ubangidansa, ya yi mini tas a gaban iyayenmu yadda ya saba. Tsakaninmu ba a taɓa ba da haƙuri ba, ramawa ake yi. Shekara talatin da ɗaya, na ɓoye masa takalmi ranar Sallah, ya zuba mini barkono a fura, ba wanda ya taɓa cewa yi haƙuri, don wanda ka ba haƙuri baƙo ne. Ya juyo da kunnensa na dama ya saurare ni har na gama. Ya ce ya sani tun ranar, ba sai na wahalar da kaina ba. Ya ce takardar ba ta dame shi kamar yadda nake zato ba, abin da ya tsaya masa shi ne da aka karanta ta a bainar jama'a, ya ji kalmomin ba baƙi ba ne, ya saba jinsu a bakina, sai dai ranar ba wanda ya yi dariya. Sannan ya ce ya yafe mini duniya da lahira, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ya miƙo mini hannun nan mai karkatattun yatsu, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babban ma'aikaci, ya raka mu har bakin mota, ya buɗe mini ƙofa. Na yi kuka a hanya, Inna ba ta ce in yi shiru ba.

Game da Inna, ta san gaskiya yanzu. Ni take wa shiru, kuma na cancanta. Kunya ce ta hana ta kiranka, jiya na ga ta ɗauki wayar ta ajiye sau biyu. Ka kira ta da zarar ka karanta wannan, za ta ɗauka, kada kuma ka sa ta ba ka haƙuri, ka fara da tambayar ƙafarta kawai. Ni kuwa duk abin da ka ga dama ka gaya mini, zan saurara. Na ɗora maka laifina mako biyar ina ji kana tambaya ko wani abu ka yi, ina cewa layi ne. Ban san yadda ake gyara wannan ba, kuma na daina yarda da gyarana.

Roƙona ɗaya ne, shi ne ma dalilin wasiƙar. Sun sauka lafiya ranar Juma'a, lambarsa tana nan ba ta sauya ba. Ya je inda ba wanda ya san shi yana yaro, kowa zai gaishe shi da mutunci ko ya bi shi da ido, ba mai tsokanarsa. Kai ma ɗan mace ne, kai ma taubashinsa ne, kuma bakinka bai yi masa abin da nawa ya yi ba. Ka kira shi. Kada ka yi masa jaje mai tsawo, ya sha jaje ya ƙoshi. Kada ka roƙa mini komai, kada ma ka ambace ni. Ka tsokane shi kawai, a kan tsawonsa, ko yadda yake cin tuwo, ko rashin aurensa, duk abin da ka ga dama ban da kalmar nan tawa. Ka ɗaga murya kaɗan, ka ce ya sa wayar a dama. In ya yi dariya ya ce maka bawana, ka rubuto ka gaya mini. Ba zan nemi ya ce mini ba, ina so dai in san yana ce wa wani.

Inna tana gaishe ka, ko da ba ta faɗa ba. Baffa Lukuman yana gaishe ka, ya ce ka yafe masa zaton da ya yi. Hafsatu da Muzdalifa suna gaisuwa, Hafsatu ce ta daka yajin da ke cikin ƙullin, kilishin kuma daga Muzdalifa. Hadiza ta sa hannu a tawada ta ɓata gefen takardar nan, gaisuwarta ke nan. Ka gaishe da Malam Tajuddeen mai masaukinka da iyalinsa, da duk 'yan gida da ke tare da ku. Allah Ya tsare ka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan Baba da Kawu Hamidu.

Wassalam. Ni ne wanka,
Kabiru.